Ganyen Da Ya Bi Ni Kilimanjaro

A kan ƙanƙarar ƙolin Kilimanjaro ƙanena ya cim mini, sanye da silifas, yana haki, riƙe da ganyen isale.

A wurinmu 'yan ƙabilar Chagga, duk wanda wannan ganye ya shiga hannunsa dole ya yafe. Ni kuwa ban gama fushi ba. Ruwan gonata ya karkatar zuwa tasa, har ayabar da mahaifiyarmu ta dasa ta bushe ƙurmus. Da na hango shi tafe da ganye, na bi ta bayan gida na shiga dakon kayan Turawa masu hawan dutse. Ashe yana biye da ni, zango zango.

"Yaya, sama ta ƙare," in ji shi. "Sai ina kuma?"

Na cusa hannuwana a hammata. "Yau ba ni da hannu."

"To buɗe baki in sa maka."

Turawa sai ɗaukar mu hoto suke, wai addu'ar gargajiya muke yi.

Ya ɗaga ganyen ke nan numfashi ya gagare shi, ya zube sumamme.

Na yar da kayan Bature, na goya ɗan banzan na kama gangara. Hannunsa na reto a kafaɗata, ganyen na shafar kumatuna. Da muka shiga daji ya farfaɗo, amma ya yi lamo.

"Na san ka farka," na ce, ina gyara goyon. "Kuma ka sani, ban karɓa ba fa."