Kaska a Kunnen Karen Marigayi

Ga wani misali, ka riƙe shi. An yi wani manomi saurayi da wansa maharbi ya rasu ana tsakiyar damina, ya bar baka da kwari da wani jan kare. Bakan aka rataye a bango. Karen kuwa ba a rataye shi. Ya kwanta a ƙofar ɗakin marigayi ya ƙi farauta, ya ƙi ƙanzo, har kaska ta same shi a kwance ta yi gida a jikinsa: cikin kunnuwa, ƙarƙashin wuya, tsakanin yatsu, kowacce ta sha jini ta yi tim kamar ƙwayar zurma. Saurayin ba ya son kallon karen, don in ya kalle shi sai ya ga kamar yanzu mai shi zai fito yana fito da baki. Amma ba ya son ya mutu, tunda a duk abin da wan ya bari, shi kaɗai ke numfashi. Sai ya ce bari ya gama da abin a yini guda ya huta. Ya danne karen da gwiwa ya dinga fizgar kaska da farce, yana matse su suna fashewa a hannunsa. Cikin kaskar ya fita, kan ya zauna a fata. Kwana uku kunnen hagu ya kumbura ya fara ruwa, karen kuma da ya hango saurayin sai ya shige ƙarƙashin rumbu yana gurnani.

Uwarsu tana zaune a tabarma tana tsince wake, duk abin nan a gabanta. Marigayin ɗan farinta ne, saboda haka ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yaba masa a gaban mutane ba, har wasu na cewa ko kallonsa ba ta yi. Ran nan da ta ga ƙaramin ya ɗauko sauran maganin feshin gona zai kwarara wa karen, ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Ajiye wannan, kashe shi za ka yi. Mai karen ba haka yake yi ba." Ta ce ya duba aljihun tsohuwar rigar farauta, akwai hantsakin cire ƙaya. Ya duba, ga shi nan. Ta ce mai karen yakan zauna ne a ƙasa, ya bar karen ya zo da kansa. Yakan buɗe gashin, ya kama kaskar ta kai, daf da fata, ya ja a miƙe a hankali, ba murɗawa ba fizga, har ta saki. Ya jefa ta a gwangwani mai ɗan kananzir, ya wanke gurbin da sabulu, in ya gama ya wanke hannunsa. "Kuma yakan yi masa magana," in ji ta, ta ci gaba da tsince wakenta. A nan saurayin ya gane ashe shekara da shekaru tana kallo.

Ya zauna a bakin rumbu da ƙanzo a tafin hannu. Ranar farko karen bai fito ba. Rana ta biyu ya fito, aka cire uku ya koma. Ran kasuwa saurayin ya nemo malamin dabbobi, malamin ya duba kunnen ya ba da magani. Haka aka yi ta yi, yau biyar gobe bakwai, yana cirewa yana ba karen labarin gona da na mai shi, abin da bai iya faɗa wa kowa ba tun ranar jana'iza. Aikin da ya so gamawa a yini guda sai da ya ci kwana goma sha biyu. Kunnen hagu bai ƙara miƙewa ba, haka ya zauna a lanƙwashe. Amma da safiyar da saurayin ya saɓa fartanya zai tafi gona, ya ji taku a bayansa, bai ma kira ba.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.