Layuka Goma Sha Ɗaya

Layuka goma sha ɗaya na rubutun manhaja Ansel ya goge kafin cin abincin rana, ko ɗar bai ji ba.

Wata uku ke nan da dawowarsa Winnipeg bayan shekara tara a Texas. Aikin da ya samu shi ne gyaran wata tsohuwar manhaja mai kai hoton allon kwamfuta zuwa wata kwamfutar da ke nesa. Sashen bidiyo aka damƙa masa, ya share ya jera. Sashen kuwa ya zama kamar ɗakin shirgi, kowa ya zo sai ya jefa nasa ya wuce.

Noreen, wadda ta shekara ashirin a wurin, ta leƙo ta saman tabarau. "Kai ɗan Texas, mai sharar ka goge? Shi ke zubar da tsofaffin hotunan da suka taru a layi."

"Babu inda ake amfani da shi. Na duba."

"Haka wanda ya riga ka ya ce. Yanzu tayoyi yake sayarwa."

Gwajin yana buƙatar hoto mai motsi, Ansel kuwa yana da shi. Tun da ɓarin jikin mahaifinsa Myron ya shanye, kullum da safe sai ya kunna kyamarar falo kafin ya fita. Mai jinya ba ta zuwa sai ƙarfe huɗu.

Ƙarfe uku ya haɗa da kwamfutar gida. Ga tsohon a kujerarsa, ga shayi a gefe yana tururi. Hoton ya ɗan dushe, amma yana tafiya sumul. Ansel ya buɗe baki zai yi wa Noreen gori.

Sai wani mutum ya shigo falon.

Baya ya ba kyamarar. Dogo ne, cikin baƙar kwat irin ta rabin mazan garin, da sanƙo a ƙeya kamar bakin kofi. Kai tsaye ya nufi durowar magunguna, ya ɗauki wani abu ya sa a aljihu, kamar wanda ya san gidan.

Ansel ya kira wayar mahaifinsa. Tana ta ƙara a kunnensa. A hoton kuwa ga ta can kan tebur, ko haske ba ta yi ba.

Mutumin ya sunkuya kan tsohon, ya kai hannu biyu wuyansa. Ƙafar Myron mai lafiya ta harba sau ɗaya. Hoton ya farfashe, ya tsaya cak.

"Noreen, kira 'yan sanda! Dogo, baƙar kwat, sanƙo a ƙeya! Yana shaƙe babana!"

Ya rufe kwamfutar, ya rungume ta, ya fizgi kwat ɗinsa ya fita ko hula babu.

Titin duk santsin ƙanƙara. Motar ta zame sau biyu, bai sassauta ba. Shekara tara yana kiran tsohon nan sau biyu a shekara, kullum da uzurin aiki. Da ya dawo ma zaman gidan ya gagare shi, shi ya sa kyamarar, don ta zauna a madadinsa. Wa ya san lokacin da mai jinya ke zuwa? Wa ke da makulli?

Ya tarar da motar 'yan sanda a ƙofa. Ya faɗa falon, ya zube a gwiwa gaban kujerar.

Myron na zaune, da mayafin ulu ɗaure a wuya, fuska a murtuke.

"Baba! Ina mutumin? Ya ji maka ciwo?"

"Wane mutum? Barci nake, wayar nan ta dame ni, hannuna bai kai ba. Sai ga wannan baiwar Allah tana neman ɓalla min ƙofa. Shayina ma tun safe ya huce, ba wanda ya ɗumama."

"Na gan shi da idona!"

'Yar sandan na tsaye a bayansa da ɗan littafinta. Ta dubi abin da ta rubuta, ta dubi ƙeyar Ansel, ta sake duban littafin.

"Malam," ta ce a hankali, "nuna min hoton."

Ansel ya buɗe kwamfutar. Hoton ya haɗe, ya ɗora daga inda ya tsaya. Shayin na nan yana tururi. Mutumin ya gama ɗaura wa tsohon mayafin, ya miƙe, ya juyo don ya gyara zaman kyamarar, Ansel ya yi ido huɗu da tasa fuskar, ta ƙarfe bakwai na safe.