Ƙarar da ta Hana Alhaji Sakat

Ran da labarin ya iso, Mairamu tana tankaɗen gari. Aka ce mijinta, Alhaji Manzo, ya yi karo da raƙumi da motarsa a hanyar Kelle, har rai ya yi halinsa.

Motar nan ce dai. Ja ce mai kujera biyu, cikinta na shafar rairayi, ba ta shan mai sai wutar lantarki. Duk Gure babu irinta. Alhaji yakan ce shi shiru ya saya, ita motar kuwa gyara aka yi masa da ita. Sai dai wani ɗan kacau-kacau daga ƙarƙashinta ya hana shi sakat. Ya sake tayoyi, ya sa an cusa soso cikin ƙofofi, sau uku yana kai ta Damagaram, ƙarar tana nan.

Ran sadakar uku, Sufiyanu makanike ya zo gaisuwa, ya durƙusa.

"Hajiya, ko ba komai ya tafi da farin cikinsa. A safiyar ranar na gano ƙarar. Wani mahassadi ne ya ɗaura masa wannan. Ina tsinkewa, mota ta sulale shiru kamar maciji."

Ya ajiye ƙararrawar akuya a kan tabarma.

Mairamu ta dubi ƙullin igiyar. Nata ne. Ita ta ɗaura tun ranar da motar ta kusa take 'yar maƙwabta, don mutum da dabba su ji zuwansa su kauce.

"Sannu da ƙoƙari," ta ce.

Har yau, in la'asar ta yi, lokacin dawowarsa, takan kaɗa ƙararrawar sau ɗaya, sannan ta ɗora ruwan shayi.