Ƙofar da Mai Bulo Ya Gina

Tun hantsi Mai Bulo yake safa da marwa a bakin ƙofar makarantar sakandaren garin. Ya zauna a benci, ya miƙe, ya leƙa ta tsakanin ƙarafuna, ya koma. Jikansa, wanda yake tsokana da Ɗan Kwangila saboda bin sa wurin buga bulo, yana kwance a ɗakin taron makarantar. An mayar da ɗakin sansanin masu amai da gudawa, don ƙaramin asibitin garin ya cika ya batse.

Ƙofar nan ba baƙuwarsa ba ce, shi ya gina ta.

Shekarun baya, lokacin da aka gina ta, shi ne shugaban ƙungiyar iyaye da malamai. Malamar kimiyya tana da wani shiri: duk Laraba ɗaliban ajin ƙarshe sukan bi duba-gari su ga yadda ake gwada ruwan rijiya, su wuce asibiti su ga aikin rigakafi. A cikinsu ake samun masu wucewa makarantar koyon aikin lafiya, su dawo su yi wa garin aiki. Kuɗin mota da kayan gwaji daga asusun iyaye suke fitowa.

Ranar da aka zauna kan asusun, Mai Bulo ya ce ƙofa za a gina.

"Ranka ya daɗe, in aka janye kuɗin nan shirin ya mutu," in ji malamar. "Ma'aikatanmu duk sun kusa ritaya. Wa zai gaje su?"

"Malama, gwamnati ba ta mutu ba, za ta turo wasu," ya ce yana dariya. "Makaranta ba ƙofa ai mutum ne ba hula. Leƙa rijiya kuma, wa ya taɓa cin jarrabawa da shi?"

Iyaye suka yi dariya, suka ɗaga hannu. A faɗi gaskiya bai ci ko sisi ba, bulon ma kyauta ya bayar. Shi dai burinsa a nuna abu a ce a zamaninsa aka yi.

Autarsa tana cikin ɗaliban da aka katse wa shirin. Ta yi kuka, ta ce aikin jinya take so, malamar ce kuma za ta nuna musu hanyar shiga. Ya ce ta share hawaye, kukan yarinta ne. Malamar ta nemi canjin wurin aiki, Auta ta gama makaranta ta kama ɗinki.

Duba-gari ya yi ritaya, gizo-gizo ya gaji ofishinsa. Duk wanda aka turo daga nesa, kafin ya san hanyar kasuwa ya nemi a mayar da shi gida. Da ruwan bana ya yi yawa, kwata ta malala cikin rijiyoyi, ba kuwa mai gwadawa balle ya ce a daina sha.

Rana ta take, Mai Bulo ya kasa haƙuri. Ya roƙi mai gadi ya bar shi ya shiga.

Tabarmi ne jere har bakin taga, ma'aikaciyar jinya ɗaya tal tana tsallake wannan ta durƙusa kan wancan. A lungu ya hango Auta rungume da ɗanta, Ɗan Kwangila. Idanun yaron sun faɗa, ko ruwan gishiri da sukari aka ba shi sai ya dawo da shi.

"'Yata, don Allah ki duba mini wannan," ya ce da ma'aikaciyar.

"Baba, hannu biyu gare ni," ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Wannan ma ɗan wani ne. Ina zuwa."

Ya fita, ya dawo, ya sake fita. Tsoro ya hana shi tsayawa wuri ɗaya. Sanda ta iso da ledar ƙarin ruwa, ta lalubi jijiya a hannu, ta lalubi ƙafa, sannan ta ajiye allurar a hankali, rai ya riga ya yi halinsa.

Auta ba ta yi kururuwa ba. Ta dubi mahaifinta ta ce, "Baba, da ka bar mu mun ƙarasa, da ni zan sa masa tun da safe."

Mai Bulo ya karɓi Ɗan Kwangila a naɗe cikin zanen uwarsa. Mai gadi ya buɗe masa ƙofar duka ɓangare biyu, ya fita ta cikinta bai ɗaga kai ya dube ta ba.

Jama'a, ma'aikacin lafiya ba daga sama yake faɗowa ba, daga aji yake fitowa. Mu tallafa wa shirin koya wa ɗalibanmu aikin lafiya tun suna sakandare, domin ba a fafe gora ranar tafiya.