Buhun da Ba a Soka Ba

Direban ya zaro tsinken ƙarfen da ake soka wa buhu a ga abin da ke ciki, ya nufi buhunan waken da na kawo a kai Anaca.

"Kuɗin mota ya ninka uku, Malam," in ji shi. "Damina ta cinye hanyar Lakwaja, masu fito sun ƙara nasu, daga Anaca kuma wayam zan dawo. Ga wannan fitina. Ba na ɗaukar kayan da ban gani ba."

Tun jiya Fagge da Sabon Gari ke saran juna. Samari masu adduna sun tsaya a bakin tasha suna kallonmu.

Ya soki buhun farko, wake ya zubo. Ya soki na biyu. A cikin na ƙarshe kuwa telan nan ne ɗan Anaca, maƙwabcin rumfata, wanda ke ɗinka wa 'ya'yana kayan sallah tun suna rarrafe. Ni na ɗinke bakin buhun da hannuna.

"Na yarda da kuɗin," na ce. "A loda kawai."

Bai kula ni ba. Ya isa buhun ƙarshen, ya ɗora tsinin ƙarfen a kai. Buhun ya ja numfashi.

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya sauke hannu, ya raɗa mini a kunne:

"Kama mu ɗora shi can gaba inda iska ke shiga, kusa da matata. Ita ma yau wake ce."