Kakan da Aka Binne a Shafin Farko

Tunda kana alfahari manhajarka ba ta taɓa yi wa kowa musu ba, bari in ba ka misali. An yi wani malamin makaranta da ya yi ritaya, ya zauna rubuta tarihin kakansa, wanda ya haƙa rijiyar farko a garinsu. Idonsa ya soma rauni, yana so ya gama kafin karatu ya gagare shi. 'Yarsa ta fari, wadda ta karanci kwamfuta, ta haɗa masa manhajar rubutu mai manyan haruffa, ta nuna masa: in zai ɗauke wani sashe zuwa wani wuri, ya ba da umarni, ya rubuta lambar layin da za a kai shi. Tsoho ya ce ya gane. Ya daɗe yana jin ɗalibai suna faɗin haka, ya san yadda ake furta shi. Ran nan ya so ya mayar da labarin rasuwar kakan ƙarshen littafi. A wurin lamba sai ya rubuta "bayan labarin ambaliya", yadda zai gaya wa mai hankali. Manhaja ba ta ce uffan ba. Da ba ta ga lamba ba, ta ɗauka sifili ake nufi, ta kai jana'izar can saman shafin farko. Ya gwada da labarin auren, har da ƙarin "don Allah". Shi ma ya haye sama. Kafin la'asar an ɗaura wa bawan Allah aure, an binne shi, sannan aka yi sunansa.

Bai gaya wa 'yar tasa ba. 'Yar fari ce, ko sunanta ba ya kira, balle ya kushe aikin hannunta. Ya ɗauko biro ya soma kwafe littafin tun daga farko, hancinsa kusan a kan takarda, idon na ruwa. A haka ta same shi. Ta duba kwamfutar, ta ce, "Baba, ai lamba na ce." Ya ce, "Kin ce. To ita ba ta da bakin cewa ba ta gane ba? Ko daƙiƙin ajina yakan ɗaga hannu." Ta yi dariya, ta karɓe biron. Nan take ta koya wa manhajar ta tsaya ta nemi lamba in an ba ta wani abu daban. Suka mayar da kakan kabarinsa a shafin ƙarshe, tsoho ya karanta littafinsa da idonsa har ƙasa. Shi ma ya koyi rubuta lamba, ko da yake har yau yakan ƙara "don Allah" a zuciyarsa. Saboda haka, kafin ka zargi mai amfani da manhajarka, tuna: in ɓera da sata, daddawa ma da wari.