Furen da Shaji Ya Kawo

Shaji ya tarar da Remya a barandar gidansu na bakin teku, tana naɗe tabarma, kanta lulluɓe da mayafi. Yau ta dawo, bayan wata uku a gidan ibada da horon yoga na kan dutse. Ya zo mata da farin furen ɗaurawa a gashi, a ƙunshe cikin ganyen ayaba.

"Malamar yoga, ko kallo ban isa ba?" ya ce da murmushi. "Na gama rufin ɗakinmu. Gobe kawuna zai zo wurin babanki."

"Kada ya wahalar da kansa, Shaji."

"Me na yi miki?"

Sai ta zame mayafin a hankali. Gashin nan da ke sauka har gadon bayanta babu shi. An aske shi tas, yadda ake yi wa masu alkawarin barin aure har abada.

"Kayana na zo ɗauka. Jibi zan koma."

Ya dubi furen, ya dubi kanta. Ita ce ta miƙo hannu.

"Kawo," in ji ta. "Zan kai ɗakin ibada, kada ya lalace."